Adon Shafin da Na Yi wa Hafsatu

Ko tsufa ya cinye ni ba zan taɓa mantawa da hutun da na koma gida Wurno da kwamfutar aro a jaka ba. A lokacin ina karatu a Sakkwato, na koyi haɗa shafin intanet, kaina ya kumbura har ina gyara wa mutane zama.

Akwai wata Hafsatu, 'yar Rimawa, da ke kawo ɗinki wurin yayata Luba. Na daɗe ina sonta, amma da ta yi sallama sai bakina ya mutu. Iyakar abin da na taɓa ce mata shi ne "ya hanya". Sai na yanke shawara in yi mata shafi, shi ya yi magana a madadina.

Tsakiyar shafin ba ta ba ni wuya ba: hoton madatsar Goronyo da yamma, ruwa ya yi ja, sunanta a sama. Adon gefe ne ya hana ni sakat. Duk waɗanda ke cikin kwamfutar furannin ƙasar sanyi ne, ba su yi kama da ita ba. Rannan ta kawo wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na ji tana ce wa Luba, "Wagga ni na zaɓe ta da kaina." Tana fita na tsinci ƙyallen a ƙarƙashin keken ɗinki (e, satar ƙyalle, da gemuna).

Na ɗauke shi hoto, na yanko ganyen, na jera shi gefe huɗu. Kusurwa ta ƙi haɗuwa, na goge, na sake, har idona ya yi ja. Ana kiran abinci ina cewa ina zuwa, tuwo ya huce. Da ya yi kyau na ɗauki lambar Hafsatu a wayar Luba, na tura mata, na zauna ina jiran amsa.

Washegari sai ga ta da ƙawayenta, fuska cike da fara'a. Na ce a raina yau kam an gama.

"Yaya, wallahi ka biya ni!" in ji ta. "Wa ya gaya maka wagga atamfa ita ta ankon bikina? Na tura ma kowa, sun ce ba su taɓa ganin katin biki irin wanga ba."

Luba ta daina taka keke, ta dube ni. Ita kaɗai ta gane, kuma da ma ba ta gane ba.

"Abu guda ya rage," Hafsatu ta ce. "Ka mance sunan ango."

Na tambaye ta yadda ake rubuta shi, ni da bakina. Na sa shi kusa da nata, har na zaɓa masa rubutu mai kyau. Ranar biki duk macen da na waiga sanye take da adon shafina, har da Luba.

Na dai koyi cewa aikin baki ba a ba kwamfuta. Shafin yana nan har yau. Wani lokaci nakan buɗe shi, in ɗora babban yatsa a kan suna ɗaya.