Lambar Wanzami

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da 'yan lamba suka zo Gafasa ba, kuma ko na so mantawa damatsana ba za su bar ni ba. Duk wanda ya taɓa ganina ba riga ya san ina da tabo a hagu, ina da wani a dama. Mutanen kirki ɗaya gare su.

Lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa. Ni kuma ina aikin sikelin gyaɗa a Ajingi, ƙarƙashin wani Alhaji da ba zan faɗi sunansa ba (ya rasu, kuma har yau ban gama yafe masa ba). Na yi elemantare a Gaya na tsaya a aji huɗu, wanda a garinmu ya isa a riƙa tambayata abin da rediyo take nufi. Karatun ya ishe ni in zargi kowa, bai ishe ni in gane komai ba.

Agana ce ta kawo su. Yaran yanzu ba su san ta ba, Allah kada ya sanar da su. Ƙuraje ne suke rufe mutum tun daga ka har tafin ƙafa, wanda ya tashi ya tashi da zanzana a fuska ko ido ɗaya, wanda bai tashi ba shi ke nan. Suka zo a motar gwamnati da wani ƙarfe mai kama da bindiga, ana taka shi da ƙafa a ɗora wa mutum bakinsa a damtse, sai ka ji fit, an gama. Maza, mata, jarirai, kowa suna yi masa. Ni ban shiga layi ba, na raɓe a jikin danga ina nazari.

Sai aka fito da yayana Hamisu. Yaya ya daɗe yana jinya, an kwantar da shi a asibiti a Kano an sallamo shi da ƙwayoyi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, ko ƙaya ta soke shi sai wurin ya yi wata bai warke ba. Malamin lamba, wani siriri mai farar riga, ya dube shi, ya dubi ƙwayoyin, ya sauke bindigarsa.

"Inna, wannan ba za mu yi masa ba," ya ce wa mahaifiyarmu.

"Shi da ya fi kowa buƙata?"

"Lamba 'yar ƙaramar cuta ce muke sa wa mutum don jikinsa ya koyi faɗa. Mai lafiya zai yi ɗan zazzaɓi ya warke. Shi jikinsa ba ƙarfi, tana iya cinye shi."

"To yaya za mu yi da shi, ɗan nan?"

"Ku ne lambarsa. Duk wanda yake kwana gida ɗaya da shi ko yake cin abinci da shi, a yi masa. In agana ta rasa wanda za ta hau ta shigo gidan, ba za ta same shi ba. Wanda aka yi wa kuma ya ɗaure wurin da tsumma mai tsabta, kada ya raɓe shi har ɓawon ya faɗi. In kun ga zazzaɓi ya kama shi, ku kai shi asibiti ran nan, ban da jiran jiƙo."

Inna ta ji magana. Ni kuwa na ji wani abu daban. Na ce a raina, ana yaƙi, ga motar gwamnati, ga bindiga, ana sa wa ƙarfafa shaida a jiki ana ƙyale raunana. Me ya rage a faɗa? Soja ake zaɓa. Wata rana za su dawo da babbar mota su ce kowa ya ɗaga hannun riga. (Za ka ce to mata da jarirai fa? Na tanadi amsa: don kada a gane ne.) Na sulale ta bayan gari na kama hanyar Ajingi.

Matsalar ita ce ranar kasuwa 'yan lamba sukan ja igiya a bakin hanya, ba mai shiga sai ya nuna tabo, ni kuma abincina yana cikin kasuwa. Sai na tafi wurin Ɗan'azumi wanzamin garinmu, wanda ya yi mana kaciya ni da Yaya.

"Baba Ɗan'azumi, lamba nake so ka yi min."

"Kai da ka yi boko? Ga masu yi can kyauta."

"Don na yi bokon ne na gane abin da ba ku gane ba."

Ya dube ni ta gefen ido, ya ɗauko ƙusa ya tura kanta cikin garwashi. Ba zan ba ka labarin zafin ba. Ƙauri dai ya tashi kamar ana babbakar kan akuya, ni kuma na cije hular kaina don kada matansa su ji. Na sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ba. (Ka ji wauta. Na ba da ajiyar sirri ga mutumin da yake wuni a bakin kunnen jama'a.) Dabarata ita ce in babbar motar ta zo, in kawo shi shaida cewa tawa ba ta gwamnati ba ce.

Na koma gida da tsumma a damtsen hagu. Inna ta sa min albarka. Na wuce igiyar kasuwa ina ɗaga hannu kamar mai gaisuwa.

Abin da ya dame ni shi ne Yaya. Tun muna yara akushi ɗaya muke ci. Da ɓawona ya faɗi na zo na zauna kusa da shi, sai ya ce wa Inna ta zuba masa nasa daban. Ya ja tabarmarsa zuwa ɗaya gefen tsakar gida. In na dawo daga kasuwa, daga nesa zai ce min sannu da zuwa, ya ja mayafi ya rufe hanci. Nan ma zargi ya motsa. Na ce ko 'yan lamba sun hure masa kunne, ko yana baƙin ciki da lafiyata, ko maganar rabon gonar mahaifinmu ce yake juyawa a ransa.

"Yaya, kuturta na yi ne?" na tambaye shi wata rana.

"A'a. Tari nake yi, kada in sa maka."

Ban yarda ba, na dai ci gaba da tara masa.

Sai agana ta shigo unguwarmu. Wani maƙwabcinmu ya dawo daga kasuwar Gaya da zazzaɓi, kafin a farga ta fito wa 'yarsa, aka binne yarinyar. Tsakanin gidansu da namu gida ɗaya ne. 'Yan lamba suka dawo, dagaci ya sa aka tara gari a gindin ceɗiyar ƙofar gidansa don a duba wanda lambarsa ta kama da wanda ba ta kama ba. Malamin nan siriri bai manta ba, ya ce a fara da mutanen gidan Hamisu.

Da na nuna hannu na koma na zauna, da yau ba ni da labari. Amma taro ya cika, kuma ni ne ɗan boko. Na naɗe hannun riga har kafaɗa, na fara zuba masa ɗan turancin da ya rage min, sannan na juya Hausa don jama'a su amfana. Na ce mu mutanen Gafasa ba dabbobi ba ne da za a riƙa yi mana shaida. Na ce maganin da ake hana marar lafiya a ba mai lafiya, kowa ya san ba magani ba ne. Na ce ni dai na yi tawa don biyayya, ga ta nan, amma idona a buɗe yake.

Malamin ya bar ni na gama. Ya kama damtsena ya daɗe yana kallo.

"A ina aka yi maka?"

"Ajingi."

"Su wa?"

"Irinku mana."

Ya shafa wurin da yatsa. Ina jin da zai sake ni. Sai na ji ƙarar zabirar wanzami a bayana, Ɗan'azumi ya ratso mutane ya leƙo ta kafaɗar malamin.

"Malam, tsakaninka da Allah, taku ta fi wannan kyau? Dubi yadda ta zagaye. Kan ƙusa ne fa kawai, ko inji ban taka ba."

Kowa ya juyo ya zuba min ido. Ɗan'azumi kuwa bai ma lura ba, yabon aikinsa yake nema. Ya ɗaga nasa hannun rigar ya nuna wani ɗan tabo.

"Ni dai ta gwamnati na yi, don ni nake wa Hamisu aski, ba na so in kai masa wani abu. Amma dubi tasu, kamar cizon sauro."

Dariyar ta fara ne daga wajen mata, ta zagayo har dagaci ya sa hannun riga ya rufe baki. Wani daga baya ya ce, "Malamin sikeli, ƙara mana turancin." Na nemi in sauke hannun rigata, ya maƙale a kafaɗa.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Matar da ban taɓa ganin ta taka wurin zaman maza ba, ta ratso su ta kama wuyan hannuna na dama kamar yadda take kama ni in za ta kai ni wanka.

"Malam, ga ɗayan, wannan bai ƙona shi ba."

Sannan ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kowace kasuwa kana shiga, kana dawo mana gida, kana neman kai hannu akushin yayanka."

Na ji an taka ƙarfen. Fit. Gaskiya ko rabin zafin ƙusa bai yi ba, amma sai na suma. Da na buɗe ido ina kwance a ƙasa, Ɗan'azumi yana min fifita da hularsa.

Aka mayar da ni zaure har ɓawon ya faɗi, ana ajiye min tuwo a bakin ƙofa. Wata safiya Yaya ya fito shan hantsi ya zauna can nesa, na kasa haɗa ido da shi.

"Ka sani tun da?" na tambaya.

"Tun askin farko. Ɗan'azumi yana gefen kunnena yana ba ni labari."

"Me ya hana ka tona ni?"

"Kai ƙanena ne, kuma gari yana ce maka malam. Na ga jan tabarmata ya fi sauƙi."

Mutumin da ko tsayuwa ba ya iya daɗewa, yana tsoron mutuwa a hannuna, ya zaɓi ya rufa min asiri, ni kuma ina zarginsa da cin gona.

Agana ta ɗauki waɗanda ta ɗauka a unguwar ta wuce, ba ta shiga gidanmu ba. Yaya ya ƙara shekaru kafin tsohuwar cutarsa ta tafi da shi. Babbar motar soja kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Hasali ma da muka ɓata da Alhaji na kai kaina da kaina wurin ɗaukar soja, suka auna ƙirjina suka ce bai kai ba.

Har yau ban daina zargi ba, kada ka ɗauka na shiryu. In na ga motar gwamnati sai na tambayi abin da take nema. Amma in aka ce akwai wani a gida da jikinsa ba zai ɗauki allura ba, ni nake fara miƙa hannu, in yi zargina daga baya. Yaya ya koma ga Allah ba tabo ko ɗaya a damtsensa, ni kuma Gafasa tana kirana Lamba Biyu. Nakan ce wa kaina ɗaya tawa ce ɗaya tasa, sai dai duk garin sun san wacce ce ta ƙusa.