Kukata ta Jarwal

Bayan rasuwar mai ɗakina, wani tsiro ya fito a gidanmu na unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, daidai inda take zubar da 'ya'yan kukar da alhazai ke kawo mata. Na duƙa na duba, na yanke hukunci: kuka ce. Ni fa ɗan manomi ne.

Wata biyar ina raba ruwan alwalata da ita, ina mamakin kaurin ganyen. Har na yi wa maƙwabta alkawarin miya.

Rannan maƙwabcina Malam Isa ya tsinki ganye ɗaya, farin ruwa ya ɗigo.

"Alhaji, tumfafiya ce. Iska ta kawo maka irin."

Ban iya cire ta ba. Har yau in na wuce sai ya ce, "Sarkin Noma, mun tuƙa tuwo, ina miyar?"