Minti Biyar ɗin Bube da Firijin Kebbe

Ranar Talatar nan awa uku na yi a layin mai a Tambuwal, ina tura babur da ƙafa, rana na gasa mini ƙeya. Sai da na kai bakin famfo mai zuba man ya rataye tiyo, ya ce injin ya ɗau zafi. Na sha na kwalba a bakin titi na kama hanyar Kebbe. Wanda ya san hanyar nan ba sai na yi masa bayani ba, wanda bai san ta ba kuma ya gode wa Allah ya zauna inda yake.

Ni Na'Allah masinja ne a wani shirin taimakon makiyaya. Sunan ofishin ba zan faɗa ba, ina da iyali. Abin da ya kai ni Kebbe ranar, Bube na je ɗaukowa, mai yi wa shanu allura a reshenmu na can. A hannunsa akwai maganin rigakafin ciwon huhu na shanun ruga goma sha ɗaya, magani ne da ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Firijin da ake ajiye shi ya mutu sati uku da suka wuce. Tun daga nan Bube ke lallaɓa maganin a cikin kula, da ƙanƙarar da yake roƙo wurin masu lemo. Za ku ce me ya hana shi yi wa shanun allurar a huta? Ai ba a taɓa saniya sai babbanmu, Mai Girma Mai Koren Biro, ya zo ya ƙaddamar, shi kuwa yana jiran a kawo huluna masu tambarin shiri.

Kada ku ɗauka Bube bai rubuto ba. Ni na ɗauko takardar da hannuna: "Firiji ya mutu." Akawunmu ya karanta ya girgiza kai, ya ce ba a kai wa babba maganar mutuwa da sassafe, ya sake bugawa: "Firiji ba ya jin daɗi." Alhaji Mataimaki, wanda Allah ya yi wa taushin zuciya, ya ga wannan ma ta yi nauyi, ya mayar da ita: "Firijin Kebbe yana samun sauƙi." Mai Koren Biro ya rubuta a ƙasa: "Madalla. Allah ya ƙara sauƙi." Aka rufe fayil.

Ana haka sai ga labari cewa an ɗauko ƙwararru daga birni su binciki yadda saƙo ke yawo a cikin ofishinmu, su gano inda yake maƙalewa. An yi musu ƙyalle mai rubutu a bakin ƙofa, an yanka rago, an yi wa bango fenti iya inda ido ke kaiwa. Kowane ma'aikaci za su ba shi minti biyar ya faɗi cikinsa.

Maƙwabcina Mansur, mai sayar da taki, ya tare ni a bakin masallaci.

"Wai mi za su bincike wurinku?"

"Yadda muka magana da junanmu."

"To ba ku gaisawa ne?"

"Muna gaisawa mana."

"Ashe ba ku da matsala. Su taho gidana, kwana fuɗu ke nan ba a ce mini ci kanka ba."

Na yi dariya, amma ni a raina na ga ƙofa ta buɗe. Waɗannan baƙi ba sa bi ta teburin akawu. In Bube ya faɗa musu baki da baki, babu mai sake bugawa. Shi ya sa na goyo shi tun daga Kebbe, ina yi masa bita a kan hanya: da ka shiga, firiji. Kada ka ce komai sai firiji.

Sai dai na manta Bube ɗan mutunci ne, an yi masa tarbiyya. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya durƙusa. Shugabar masu binciken, wata Hajiya mai tabarau, ta danna agogon wayarta ta ajiye a kan tebur. Ni ina leƙe ta taga.

"Hajiya, an zo lahiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ya gajiyar tahiya? Ya anka baro mutanen gida? Ya yara? Ya munka ji da zahin ga?"

Ita ma 'yar gidan mutunci ce, ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma mayar masa. Ya iyali, ya mutanen Kebbe, ya dabbobi. Bube ya ce duk suna lahiya, suna gaishe ta. Ina daga taga ina yi masa alamar akwati da hannu biyu, bai ko dube ni ba. Abokin aikin Hajiya ya shigo da kwamfuta, Bube ya juya ya ɗauko gaisuwar daga farko.

Can ta duba fom ta ce, "Malam Bube, kana samun matsala wajen isar da saƙo ga shugabanni?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a zube wa baƙo damuwa a tambayar farko. Sai ya sake tambaya, ka noƙe, ya matsa, sannan ka fara. Bube ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajiya, sai godiya. Sai dai ɗan abin da ba a rasa ba."

Waya ta yi ƙara. Hajiya ta ja layi a gidan da aka rubuta "babu matsala", ta ce a turo na gaba.

Na ja shi gefe, raina a ɓace.

"Bube, ina firiji?"

"Haba Na'Allah, daga zuwan baƙuwa? Wurin rakiya nika gaya mata, can aka faɗin magana."

Gaskiyarsa ce, a wurinmu muhimmiyar magana a bakin hanya ake yin ta, bayan an yi sallama sau biyu. Amma motar baƙin a bakin baranda aka kafa ta, baƙin gilashi, sanyi na tashi. Taku uku suka yi suka shige. Bube ya bi su har bakin get da takalmi a hannu, direba ya danna masa hon na ban-kwana.

Kada na cika baki, ni ma an ba ni nawa minti biyar ɗin. Na shiga da firiji a bakina, sai na tarar Alhaji Mataimaki ya zauna a ciki, wai yana taya baƙi buɗe ruwan gora. Aka tambaye ni ya aiki, na ce da godiya. Har yau ina jin kunyar wannan amsa.

Rahoto ya fito, shafi sittin, bango mai sheƙi. Mun ci casa'in da takwas bisa ɗari, kuma ina taya mu murna da zuciya ɗaya. An ba da shawara a kafa akwatin ƙorafi, an kafa, makullin yana aljihun akawu. An buɗe mana guruf a waya, wanda shugabanni ne kaɗai ke iya rubutu a ciki. Kullum da asuba Mai Koren Biro yana turo mana hoton fure.

Sati bai zagayo ba wuta ta ɗauke a Kebbe kwana uku, masu lemo su ma suka rasa ƙanƙara. Bube ya rubuto: "Magani ya lalace duka." Akawu ya buga: "Magani ya ƙare." Alhaji Mataimaki ya gyara: "An kammala rigakafi a Kebbe cikin nasara." Da farko babbanmu ya ɗaure fuska, don an yi ba da shi ba. Sai aka nuna masa cewa wannan ai amfanin gyaran sadarwa ne ya fara fitowa. Nan take ya sa a rubuta wa Bube takardar yabo, ya ce bikin ƙaddamarwa kuma yana nan, tunda huluna sun iso.

Jiya na kai masa takardar. Na same shi zaune a bakin ofis, wani dattijon makiyayi tsugune a gabansa da sanda a kafaɗa. Damina ta kusa, shanu na dawowa daga kudu suna cakuɗuwa a mashaya, lokacin da ciwon ke kama garke ke nan. Dattijon ya gama gaisuwarsa tsaf, sannan ya ce, "Malam Bube, yaushe za a yi muna allurar?"

Bube ya dubi takardar, ya dubi kwalaben da ya tara a kwali zai binne. Tausayinsa ya kama ni.

Ni dai na manna takardar yabon a bango, daidai tsayin saniya. Jama'ar ruga, duk wanda tasa ta fara tari, ya koro ta Kebbe ta karanta da idonta cewa an riga an yi mata allura.