Yadda Vicko Fabjan Ya Wanke Sunan Gidansu

Duk wanda zai rubuta tarihin tsibirin Lastrina bisa adalci, wajibi ne ya keɓe babi guda domin Vicko Fabjan. In kuwa ya manta, Vicko zai tuna masa. Shi ne tsohon mataimakin shugaban ofishin tashar jiragen ruwa, shi ne shugaban Ƙungiyar Raya Al'adu, kuma ba a taɓa buɗe ko da famfon unguwa ba sai da ya yi jawabi a kansa. Allah ya hore masa murya, ya hore masa falmaran mai maɓallan azurfa, ya kuma hore masa wata baiwa da ba kowa ke da ita ba. Idan zai faɗi magana mai nauyi, sai ya soka manyan yatsunsa a hammatar falmaran, ya yi gyaran murya, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya zauna a can sama har maganar ta ƙare, sannan ya sauko a hankali. Da yake shi ba shi da magana mara nauyi, duga-dugan takalmansa ba su taɓa cinyewa ba.

Abu ɗaya ne ya hana wannan bawan Allah jin daɗin girmansa. A Lastrina sunan takarda na gwamnati ne da limamin coci. Sunan da mutum yake amsawa shi ne laƙabin gidansu, wanda ake gado kamar gonar zaitun, sai dai shi ba ya sayuwa. Idan mutum ya rasu, akan manna sanarwa mai baƙin gefe a bangon kasuwar kifi, a buga laƙabin da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan marigayi, domin in ba haka ba babu mai sanin wa za a kai makwanci. Laƙabin gidan su Vicko kuwa shi ne Ganga, irin wadda ake ɗura giyar inabi a ciki.

Asalin sunan sananne ne. Tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu wata malamar makarantar tsibirin, Perina Vidan, ta rubuta wa yara littafi mai suna Kogon Gishiri, labarin 'ya'yan masunta da suka gano kogon da ma'aikacin kwastan yake ɓoye gishiri da tabar da ya ƙwace wa iyayensu. Littafin ya zaga ƙasar, iyaye suka karanta wa 'ya'ya, 'ya'ya suka karanta wa jikoki. Mugun labarin ana ce masa Ganga: teɓa gare shi har gwiwa, yana ɗingishi, idonsa ɗaya harara-garke, hancinsa ja saboda kwalba. Babu wata shaida a rubuce da ta nuna malamar ta yi nufin kakan Vicko. Abin da aka tabbatar kawai shi ne, a zamanin ma'aikacin kwastan ɗaya ne a tsibirin, wato kakan nasa, yana da teɓa, yana ɗingishi, kuma tun da littafin ya iso ya daina gaida malamar.

Vicko ya yaƙi sunan nan da duk abin da yake da shi. Ya haramta wa kansa taliya da naman alade, ya rayu a kan dafaffen ganye da gasasshen kifi, har ya zama siriri kamar sandar kamun kifi. Jama'a suka yaba da ƙoƙarinsa, suka riƙa cewa ba su taɓa ganin Ganga ramammiya haka ba. Da ya fara jin shekaru a gwiwoyinsa, sai ya je wurin Lovre, abokin karatunsa na firamare, wanda shi ne mai buga sanarwar rasuwa, ya nemi alkawarin cewa ranar da tasa ta zo ba za a sa laƙabin ba. Lovre ya ce masa shi ba ya raɗa suna, abin da gari ya kira mutum shi yake bugawa, kuma ya buga wa mahaifin Vicko haka babu wanda ya ɓata hanyar jana'iza.

Ana nan sai wani kamfanin shirya fim daga babban birni ya yanke shawarar mayar da Kogon Gishiri wasan talbijin, a ɗauke shi a inda aka haife shi. Daraktar, wata matashiya mai suna Nives Horak, ta kira taro a zauren ƙungiya ta ce tana neman mai ba da shawara daga cikin 'yan gari. Ta bayyana cewa akwai kalmomi kaɗan a littafin da ba za ta sa a bakin yara ba: mummunan sunan da ake kiran wasu maƙera masu yawo da keken doki, da wanda ake tsokanar wata yarinya kurma ta cikin labarin da shi. A kan wannan babu wanda ya ja. Tsofaffin matan da ke zauren ma sun ce tun suna yara kalmomin suke yi musu ɗaci. Kafin ta gama tambayar wa zai taimaka, duga-dugan Vicko sun riga sun bar ƙasa.

“Madam Darakta,” in ji shi daga can sama, “abin da kika hango yau, ni na daɗe da hango shi. Zamani ya waye. Ni kuma, ba yabon kai ba, na riga zamani wayewa. Ki bar mini littafin nan, zan mayar miki da shi fes, yadda ko jariri zai iya lasa.”

Aka bar masa. Ya sa aka buga masa kati mai igiya da ke cewa Babban Mashawarci, ya rataya a wuya, kuma shaidu sun tabbatar da cewa da shi ya riƙa shiga coci. 'Yan benci na bakin tashar jirgi suka fara ce masa Sabulun Adabi, amma wannan suna ne na wucin gadi, bai kama ba.

Kalmomin da daraktar ta ambata ya goge su cikin ɗan lokaci, kusan ba tare da ya duba ba. Sauran ƙarfinsa duka ya tara shi a kan mutum ɗaya. Ya fara da teɓar: ya tambayi Nives ko ta san yawan masu ƙiba da ke biyan kuɗin talbijin a ƙasar, da irin raɗaɗin da za su ji in suka ga an haɗa tumbi da sata. Nives ta yi tunani ta ga akwai ƙamshin gaskiya, ta yarda. Washegari ya dawo da batun ɗingishi, jibi da batun ido. Jan hancin ma ya tafi, domin kada a ɓata wa manoman inabi rai. Duk lokacin da ta yi jinkiri sai ya yi ɗage, ita kuwa ta lura cewa hanya mafi sauƙi ta sauko da shi ita ce ta ce to. A ƙarshe ya zo ga abin da ya kawo shi. Ya ce tun da babu teɓa, sunan Ganga ba shi da abin rataya, a kira mutumin Yallaɓai Sufeto kawai. Nan ma ta ce to.

Ranar Vicko ya koma gida ya ci taliya, karo na farko tun yana saurayi. Matarsa Dinka, wadda ta san shi tun kafin falmaran, ta zuba masa ƙari ta ce ita dai ba ta gane ba: an cire wa mugu tumbi, an cire ƙafa, an cire ido, to me ya rage da yara za su tsana? Ya ce mata harkar adabi ba ta kicin ba ce.

Tambayar Dinka ita ce ta hana wani mutum sukuni, wato Ozren, ɗan wasan da aka ɗauko domin ya fito a matsayin mugun. Ya iso tsibirin da matashin kai da zai cusa a riga ya zama tumbi da takalmi mai tudu ɗaya, ya yi wata da watanni yana koyon ɗingishi, sai aka ce masa duk an soke. Ya samu Babban Mashawarci a shagon kofi ya zauna gabansa kamar mara lafiya a gaban likita.

“Yallaɓai, kun tuɓe ni tsirara,” ya ce. “Ba ciki, ba ƙafa, ba ido. Da me zan tsaya gaban kyamara?”

“Da mutunci, samari,” in ji Vicko. “Ma'aikacin hukuma ba dodo ba ne. Mutum ne mai kamala, mai sanin darajar kansa. Ba ka taɓa ganin irinsa ba, ko? To, buɗe idonka.”

Ya miƙe a tsakiyar shagon ya nuna masa yadda babban ma'aikaci yake tsayawa, yadda yake duban na ƙasa da shi ta saman tabarau, yadda yake gyaran murya kafin ya yi wa talaka bayanin doka. Ozren ya kafa masa ido, kofinsa ya huce a hannu. Waɗanda suke wurin sun ce sun ga fuskarsa ta washe kamar ta masuncin da ya ji nauyi a koma.

Daga ranar bai sake rabuwa da Vicko ba. Ya bi shi kasuwa, ya bi shi ofishin gidan waya, ya zauna a sahun gaba ranar da aka ƙaddamar da sabon kwandon shara na dandali. Vicko ya shaida wa kowa cewa a ƙarshe ya samu ɗalibi na gaskiya, yaro mai ladabi wanda ba ya katse babba. Da Ozren ya yaba falmaran ɗin, Vicko ya tuɓe ta da hannunsa ya ba shi aro, ya ce tufar kamfani ba za ta taɓa ba shi kwarjinin da ake bukata ba. Dinka ta ga falmaran ta fita gidan a kafaɗar baƙo, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna cewa harkar adabi ba ta kicin ba ce, ta koma kan tukunyarta.

An nuna kashi na farko a zauren ƙungiya ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci, an ja labule, tsibirin duka ya hallara har da masu sanda. Vicko ya zauna a kujerar tsakiya ta sahun gaba. Aka ga teku, aka ga kwale-kwale, aka ga yaran suna gudu a kan duwatsu. Yarinyar nan kurma ta fito da sunanta na yanka, mata suka gyaɗa kai. Sai ga Yallaɓai Sufeto, siriri, tsaf-tsaf, maɓallan azurfa suna walƙiya. Ya tare wata tsohuwa da buhun gishirinta, ya dube ta ta saman tabarau, ya soka manyan yatsu a hammata, ya yi gyaran murya, ya fara tashi sama.

'Yan zauren suka dubi juna kamar mutanen da suka ga ɗan'uwansu a inda ba su zata ba. Daga nan wani a baya ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi. Limamin coci ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Vicko ya juya ya dubi jama'a cikin gamsuwa. A fahimtarsa, farin ciki ne na mutanen da a karon farko suka ga an nuna ma'aikacin hukuma yadda ya dace. Ya raɗa wa Dinka cewa yaron ya yi ƙoƙari, ko da yake ya ɗan cika ɗagawa, babu mutumin kirki da ke tsayawa haka.

Da aka buɗe labule aka gayyaci Babban Mashawarci ya ce wani abu. Ya hau dandamali, ya soka yatsu, ya yi gyaran murya. Kafin ya furta kalma, ƙananan yaran da ke zaune a ƙasa suka miƙe gaba ɗaya suka yi ɗage tare da shi. Jawabin nan shi kaɗai ne a tarihin ƙungiyar da ba a samu wanda ya ji ƙarshensa ba.

Wasan ya karɓu a ƙasar fiye da yadda aka zata. Jaridun babban birni sun yaba wa Ozren, suka ce ya ƙirƙiro mugu irin na zamani, wanda babu aibu ko ɗaya a jikinsa amma kowa ya taɓa haɗuwa da shi a bayan wani tebur. Baƙi masu yawon buɗe ido suka riƙa sauka daga jirgi suna ɗaukar hoto a bakin kogon, kowa a kan yatsun ƙafarsa. Vicko ya karɓi falmaran ɗinsa, amma an lura ta daɗe a rataye.

Da kaka ta yi, bayan an gama tsinkar inabi, ya bi ta shagon Lovre kamar wanda hanya ce ta biyo da shi. Ya yi zancen iska da farashin kifi, sannan ya tambaya, a tsaye daram a kan duga-dugansa, ko maganar da suka taɓa yi tana nan yadda take.

“Wace, ta Ganga?” in ji Lovre yana goge tawada a hannu. “Ai ka ci nasara, mutumina. Je ka tambayi duk yaron da ka gani, babu wanda ya san wani Ganga. Ko na buga, ba mai zuwa jana'izar.”

Vicko ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Aikin rayuwarsa ya kammala. Bai san lokacin da yatsunsa suka nemi hammata ba, bai san lokacin da ya fara tashi ba.

“Yauwa, tsaya a nan,” in ji Lovre. “Dama wancan na kakanka ne, aro ka yi ta sawa. Ɗage kuwa, wanda gari ke kiranka da shi yanzu, da guminka ka samo shi, har jikokinka sun fara amsawa. Kuma gajere ne, zan buga maka shi da baƙaƙen da suka fi na mahaifinka girma.”