Cokalin Wasabi

Ƙungiyar manoman citta ce ta tura mu Japan, ni da Mama Rifkatu, shugabar mata. Da muka shiga wata kasuwar abinci mai rufi, ni ne a gaba, ina yi mata bayanin abubuwan da ni ma ban taɓa gani ba.

Wata tsohuwa mai kifi ta miƙo mana wani koren yaji, wai shi wasabi. Ta nuna bakin farcenta, wato kaɗan ake taɓawa. Na yi dariya.

Na ce, "Mama, ba ta san ni ɗan Kwoi ba ne. Da citta aka yaye ni."

Na cika cokali na kai baki.

Abin bai tsaya a harshe ba, ta hanci ya haura ƙwaƙwalwa. Na kira Yesu, na kira mahaifiyata da yarenmu, na rungume wani bawan Allah mai wucewa. Tsohuwar tana ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri. Mama kuwa waya ta ɗaga tana ɗauka ta a bidiyo.

Har yau, duk bikin coci, matan zumunta sai su ajiye mini abincin yara: "Baba, ga naka. Ba yaji."