Karen Madam

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da muka haɗa bargon jikan Hajiya ba. Na so in manta, abin ya ƙi.

A Birnin Ƙonni ne, tun kafin soja su karɓi mulki. An turo mana wata Madam 'yar Dahome tana koya wa matan aure saƙa a gidan Hajiya, matar limamin unguwarmu. Hausar Madam ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Ni kuwa na taɓa zaman lakwal, wato makarantar boko, kafin aure (zama na ce, ban ce karatu ba), sai na naɗa kaina tafinta. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in ƙago. Mata suna girmama ni, ni kuma ba abin da nake tsoro a duniya kamar ranar da za a gane iyakar nasarancina.

Sai rasuwa ta kai ni Badaguishiri, darasi ɗaya ya wuce ni. Da na dawo na ci karo da Madam a kasuwa. Da baki da hannu ta fahimtar da ni cewa ɗiyar Hajiya ta kusa haihuwa, kowace mace za ta saƙa nata ɗan guntu a gida, sannan a zo a haɗa su su zama bargo guda. Na tambaye ta mene ne za a saƙa.

"Kare," ta ce. "Peti kare."

Peti na san shi, ƙarami ke nan. Kare kuwa ai kowa ya san kare. Na ce "Wi, Madam" da ƙarfi, don masu albasa su ji.

Ba wai ban yi mamaki ba. Amma na sha jin cewa nasara har ɗaki yake kwana da kare, na ce ƙila al'adarsu ce ta shigo cikin saƙa. Na yi niyyar tambaya, sai ga ƙawata Hadiza ta leƙo gidanmu.

"Ƙawa, kin ƙare karenki? Ni huɗu niy yi, biyu ja, biyu tsanwa."

Koren kare! Hadizar da ko allo ba ta gama wankewa ba ta yi huɗu, ni tafinta guda in tsaya tambaya? Na ce mata nawa na musamman ne, sai ranar za a gani.

Na duƙufa. Kullum in faki idon uwar mijina in zagaya bayan runfar mahauta, in tsaya ina nazarin wani ramammen kare da ke kwance can, har mahautan suka fara gaishe ni. Na ga ba zai saƙu a dunƙule ba, sai na bi shi gaɓa-gaɓa: ƙafafu daban, kunnuwa daban, wutsiya daban, sannan na ɗinke na cusa auduga. Idanu kuwa maɓallan rigar mijina ne (har ya rasu yana zargin mai wanki). Wato dabarar haɗe-haɗen da Madam ke so mu koya na koye ta tsaf, hanya kawai na ɓace.

Ranar haɗi aka shimfiɗa tabarma, kowa ta zazzage nata. Na leƙa. 'Yan shimfiɗaɗɗun saƙa ne masu kusurwa huɗu, kamar tafin hannu, babu mai ƙafa, babu mai wutsiya. Madam ta ɗaga na Hadiza tana yabawa, tana cewa "kare, kare." Nan take na gane cewa a bakinsu abu mai kusurwa huɗu shi ne kare. Na ƙara matse ƙullin karena da ke hammatata.

"Tafinta, ina naki na musamman?" in ji Hadiza, ta fizge ƙullin.

Ya faɗo tsakiyar tabarma ya tsaya da ƙafafunsa huɗu, kunnuwa a miƙe. Abin takaicin shi ne ya yi kyau. Da ya fito a karkace da na ce rago ne.

Hajiya ta janye casbinta a hankali, ta dube shi, ta dube ni.

"Ɗiyata, mi munka yi miki? Mala'iku kika so ki kore muna daga ɗakin jinjiri?"

Madam kuwa dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna ƙasa, tana share hawaye tana zuba nasaranci ba numfashi. Mata duka suka juyo gare ni, kamar yadda suka saba.

"Mi tac ce?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "Ban ji ba."

"To, yau dai kin fassara daidai," in ji Hajiya.

Aka haɗa bargo ba da ni ba, tafintanci kuma ya mutu a wannan tabarmar. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni da hannuna na saƙa nawa. Tun daga ranar, ko da Hausa aka yi mini magana sai na ce a sake, in da hali ma a nuna mini abin in gani.