Yadda Na Hana Tsohuwa Zuwa Tasha

Farkon zuwana jihar Kebbi, ina sabon malamin makaranta a Aliero, ni ke karanta wa masu tsintar albasa littafin labari a rumfarsu bayan la'asar. A wani littafi da na aro daga Jega akwai tsohuwar da ɗanta ya tafi cirani bai dawo ba. Kowane babi sai ta je tasha, ta leƙa motoci, ta koma gida. Na ce marubucin cika takarda kawai yake, na sa jan birona na gyaran jarrabawa na soke zuwan nan duka, ban karanta musu ko ɗaya ba.

Ranar ƙarshe ɗan ya sauko daga mota, ga uwarsa tsaye. Na dakata ina jiran hawayen masu saurare. Ko ɗigo.

Baba Mani, wanda nasa ɗan ya daɗe a Kurmi, can kudu, ya aje albasar hannunsa. "Wa yag gaya mata yau za shi zo? Ko duba take yi?"

Na gyara zama, na ce ai sau tara ta je, wahala na rage musu.

"Ita ta iya tafiyar, Malam, kai ka kasa karatun?"

Dole na koma daga shafin farko. Har yau in na leƙa rumfar aka tada sallah, sai wani ya ce, "Kada ku ba Malam limanci, za shi ce raka'a ta biyu maimaici ce."